Gawar da ta Ƙi Miƙewa

An yi wani mutum a ƙauyenmu, nan gabar gabashin Malesiya, kuma har yau yana nan da ransa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya mata da ba su yi mini komai ba. Tuan Haji muke ce masa, wato Alhaji. Ya je Makka sau uku, makullin masallaci a hannunsa yake, ba ya wuce sahun farko.

Ya 'yan uwa, abin da na gani da idona zan faɗa muku, da abin da aka faɗa a gaban alƙali ina zaune.

Mutumin nan ya buɗe gidan jinya a bakin titi, na mutanen da likita ya ce magani ya ƙare musu, sai jiran lokaci. Hukumar lafiya ta jiha ta ba shi lasisi. Ya sa takardar a gilashi ya rataye a ƙofar shiga. A jikinta an rubuta gado goma sha biyu, da nas biyu a kowane lokaci. Shi kuwa ya cusa gado sha shida, ya bar nas ɗaya tana ta fama. Kowace shekara masu bincike kan zo su duba, idan sun gamsu su sabunta takardar, idan ba su gamsu ba su rufe gidan. Wannan takarda ita ce ransa. Da ita ake kiransa taro, da ita ake ba shi kujerar gaba.

Mijina Deraman ya yi shekara talatin da huɗu yana tsagar itacen roba don tatsar ƙaronsa. Ciwon daji ya kama masa hanta. Asibitin birni suka sallame shi, ni kuma ba na iya ɗaga shi, kuma maganin da ke kwantar masa da zafi ba a ba da shi sai a wurin da ke da lasisi. Da ƙafata na je na roƙi Tuan Haji. Ya kira ni da sunana ya ce, "Kak Esah, gwamnati ta ce sha biyu, amma ina gwamnati ta san tausayi? Kawo shi." Na yi ta sa masa albarka. Har zagin gwamnati na taya shi yi, Allah ya yafe mini.

Deraman ya san shi ne na sha shida. Yakan ce wa nas, "'Yata, ki fara da na cikin takarda. Ni gyara ne, irin wadda mai kifi ke ƙara wa mai saye." Ko a wannan hali bai daina barkwanci ba. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Ya ce mini, "Esah, tafiyar ba ta ba ni tsoro. Tsorona harshena ya yi nauyi babu mai tuna mini kalmar shahada. Ki zauna kusa da kunnena." Na yi masa alkawari. Kwana arba'in da ɗaya ina wuni a gefen gadonsa.

Sai wasiƙa ta zo cewa masu bincike za su zo ranar Talata.

Ranar Litinin aka yi wa gidan fenti. Aka ɗinka wa 'ya'yan ƙanwar Tuan Haji biyu fararen kayan nas, yaran da ko allura ba su taɓa riƙewa ba. Mu iyalan mutum huɗun da suka haura sha biyu aka kira mu gefe aka ce gobe za a yi feshin maganin sauro, kada kowa ya zo sai la'asar. Na san ba feshi ba ne. Kowa ya sani. Na ɗauka ɗakin baya za a kai su na ɗan lokaci. Na zauna a gida ina ganin taimako nake yi.

Da sassafe ranar Talata aka ɗauko su huɗu aka sa su a ƙaramar bas ɗinsa. Deraman ba ya iya zama, sai suka ɗora shi a keken marasa lafiya, suka ɗaure shi da zani ta ƙirji don kada ya faɗi. Surukin Tuan Haji, wani Mat Piah, shi ya ja motar zuwa cikin gonar kwakwar manja, inda ba mai wucewa. Aka ce masa awa biyu ne.

Masu binciken kuwa ba su yi sauri ba. Shugabarsu mace ce mai buɗe kowace durowa. Rana ta ɗaga, mota ta zama tanda. Da hantsi Mat Piah ya buga waya ya ce, "Yaya, numfashin Deraman fa ya canja." Tuan Haji ya ce masa, "Buɗe taga. Kada in ga motar nan sai na kira ka." Kafin azahar Mat Piah ya sake bugowa ya ce Deraman ya cika. Kun san abin da mai zuwa Makka sau uku ya ce? Mat Piah ya maimaita shi a kotu, yana rantsuwa. Cewa ya yi, "To ai yanzu babu sauran gaggawa." Ya ajiye waya ya koma yana zuba wa baƙinsa shayi.

Ya 'yan uwa, tafiyar minti goma ce daga gonar nan zuwa ƙofar gidana. Minti goma. Me zai rage masa da ya ce a biyo a ɗauke ni?

Da la'asar, bayan baƙi sun tafi, aka aiko mini. Na tarar da mijina a gadonsa, an kwantar da shi a gefe ɗaya an lulluɓe shi har ka. Tuan Haji ya tare ni da hawaye. Ya ce, "A hannuna ya cika, Kak Esah, ba a yi minti ashirin ba. Ni na laƙanta masa kalma, ya faɗa sau uku yana murmushi." Na yi masa godiya. Ku ji da kyau, godiya na yi masa.

Aka kawo gawa gida. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Aka kira Pak Cu Seman, tsohon da ke wankan gawa a ƙauyenmu tun ina amarya, mutum marar rufa-rufa a baki. Ya shiga don ya miƙar da gaɓɓai ya ɗaure haɓa kamar yadda ake yi. Ya juya shi rigingine, sai gwiwoyi suka tsaya a sama. Ya danna, suka ƙi. Ya kama hannu, ya ƙi. Ya buɗe riga ya ga shatin zani a ƙirji, ya dubi ƙafafu ya ga jini ya kwanta a cikinsu sun yi baƙi. Sai ya leƙo ƙofa.

Ya ce, "Tuan Haji, minti nawa ka ce?"

"Kamar ashirin, kafin Kak Esah ta iso."

"Gawar da na wanke ta fi gashin gemunka yawa. Wanda ya cika ɗazu laushi gare shi kamar jariri mai barci. Wannan tun kafin azahar ya tafi, kuma a zaune. Wane irin gado ne a gidan naka da ake kwana a zaune?"

Tuan Haji ya yi 'yar dariya ya ce, "Pak Cu, yaushe ka zama likita?"

"Ban zama ba. Ni ake kawo wa idan likita ya gama nasa. Ba zan zuba wa bawan Allahn nan ruwa ba sai na ji inda ya mutu."

A nan ne mutumin ya ɗauko addini ya yi garkuwa da shi. Ya ce sunna ce a gaggauta jana'iza. Ya ce ma'aikatansa sun riga sun fara haƙar kabari, likkafani ma shi zai bayar, a rufe shi kafin magariba. Sannan ya juyo wurina ya sassauta murya. Ya ce idan aka kira 'yan sanda, asibiti za su tafi da shi su tsaga shi daga wuya har cibiya. Ya san mu sarai. Ya san a ƙauyenmu an fi tsoron wuƙar likita a jikin mamaci da a yi wa mutum ƙarya.

Yayan mijina, Pak Long Daud, ya ce, "Esah, ciwo ya ci shi da rai, yanzu kuma ki miƙa shi a yanka? Ko an tsaga shi dawowa zai yi? Ki bar wa Allah." Mata suka kewaye ni, wannan ta ce mamaci yana jin zafi, waccan ta ce kada in tona asirin mai taimakon gari.

Na shiga ɗaki na tsaya a kansa. Na sa yatsana a kan shatin zanin nan. Mutumin da ko akuya bai taɓa ɗaurewa a rana ba. Na fito na ce, "Pak Long, ba a binne shi da ƙarya a kansa. A kira su."

Suka tafi da shi. Sai bayan kwana biyu suka dawo mini da shi da ɗinki a jiki. Pak Long bai sake taka gidana ba har ya mutu. Wannan ma bashi ne da nake bin Tuan Haji.

Likitan asibiti ya rubuta abin da Pak Cu ya faɗa, bai ƙara komai ba sai sa hannu. 'Yan sanda suka tsare Mat Piah, bai kwana ba ya faɗi komai. Matar nan mai buɗe durowa ta dawo ba tare da wasiƙa ba, ta ƙirga gadaje da kanta. Aka soke lasisi, aka kwashe marasa lafiya zuwa birni, aka sa wa ƙofa kwaɗo.

Ina cikin takaba aka aiko cewa Mak Jah na nemana. Tsohuwa ce cikin huɗun da aka sa a motar, ita kaɗai ke iya magana cikin ukun da suka rage. Liman ya ce in je, lalura ce. Na zauna kusa da ita na ce, "Mak Jah, tambaya ɗaya gare ni. Ya faɗa?"

Ta ce, "Ya nemi ruwa. Ya yi ta kiran sunanki. Yana cewa, Esah, matso. Na so in tuna masa, 'yar nan, amma bakina ya bushe, sai kaina ya juya. Da na farfaɗo ya yi shiru. Ban ji ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban ji ba."

Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Shi kuwa Tuan Haji bai yarda ya faɗi ba. Kafin a fara shari'a ya sa bikin 'yarsa, don gari ya ga har yanzu shi ne. Ya yanka shanu biyu, ya kafa rumfuna har bakin titi. Kun san yadda muke, ba a hayar masu girki, maƙwabta ke zuwa da wuƙaƙensu da tukwanensu tun jajibiri. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya hana wani. Kawai dai ba a je ba. Nama ya kwana a ƙasa har ya yi wari. Dangin ango suka iso da motoci suka tarar da kujeru babu kowa, suka tambayi dalili a shagon shayi, suka juya. Ranar Juma'ar da ta biyo, aka karɓe makullin masallaci daga hannunsa.

Alƙali ya ɗaure shi shekara uku. Matarsa ta koma wurin danginta. Gidan jinyar ciyawa ta cinye shi, birai na shiga ta rufi. Da ya fito ya rame, gemu ya yi fari fat. Yanzu yana yawo da jakar takardu daga ofis zuwa ofis, wai a mayar masa da lasisi, masu gadi na korarsa. Idan ya zauna a shagon shayi, maza kan tuna suna da aiki a gona.

Ranar ƙaramar salla da ta wuce, lokacin da kowa ke bin gidaje neman gafara, na ji sallama a ƙasan matakalar gidana. Shi ne. Ya ce, "Kak Esah, na zo neman gafara, ta fili da ta ɓoye."

Ban ce ya hau ba. Na ce, "Tuan Haji, ƙaryar da ka yi mini tawa ce, wataƙila wata rana in iya. Amma wanda ka ɗaure a mota ba ya nan gidan. Yana bayan masallaci, kabari na uku daga katanga. Je ka roƙe shi. Idan ya amsa ka dawo ka faɗa mini, ni ma ina da abin da nake son tambayarsa."

Ya mayar da takalman da ya cire don hawowa, ya tafi.

Wasu sun ce na yi tsauri a ranar salla. Ban musa ba.

Ya 'yan uwa, ku dubi mutumin nan. Bai sha giya ba, bai yi caca ba, bai bar salla ba. Takarda ya fifita a kan ran mutum, ya ji tsoron mace mai biro bai ji tsoron wanda ya halicce ta ba. Ya ɓoye wa masu bincike mutum huɗu, ya manta akwai masu rubutu a kafaɗunsa da ba sa aiko wasiƙa kafin su zo. Ya rufe bakin masu rai da kunya da tsoro, sai Allah ya sa gwiwar mamaci ta ba da shaida.

Mu ma da namu. Duk wanda ya ga fentin nan ya yi shiru, da hannunsa a ciki, har da ni. Idan hukuma ta ce sha biyu, ba don ƙeta ta faɗa ba, ta san iyakar abin da hannun nas zai iya juyawa ne. Idan za ku kai naku irin wannan gida, ku karanta takardar ƙofa, ku ƙirga gadaje da idonku. Kada gemu ya ruɗe ku. Ranar da aka ce muku kada ku zo, ranar ce za ku zo tun da asuba ku zauna.

Allah ka ji ƙan Deraman. Kai ka ji abin da Mak Jah ba ta ji ba. Ka karɓa masa ko a zuci ya faɗa. Ka ba kowannenmu mai zama kusa da kunnensa ranar da harshe zai yi nauyi. Allah ya kiyaye mu da faɗawa hannun marar tausayi, ya kiyaye mu da zama shi. Amin.