Takalman da ke Ƙofar Fada

An yi wani sarki a wata ƙasa da kogi ya raba biyu, ana ce masa Mazadu, wanda ya gaji wata al'adar shari'a daga kakanninsa. Idan laifi ya kai na kisa, ba a fito da mai laifi fili, ba a kuma ambaton sunansa. Sai a zaunar da shi bayan wata doguwar zana a cikin fada, sarki ya dubi waziri ya ce, "Mu ƙaddara wani mutum ya aikata kaza." Malamai suna kiran wannan mas'alar ƙaddarawa, wato al'amarin da ake kafawa a zuci don a auna hukunci, ba a ce ya faru ba, ba a kuma ce ba zai faru ba. Sai dai kada taushin lafazin ya ruɗe ku, ya ku masu karatu, domin duk hukuncin da waziri ya yanke wa mutumin zato, a wuyan mai numfashin da ke bayan zana yake sauka.

Waziri Ilyasu ya tsufa a kan wannan aiki, zuciyarsa ba ta taɓa rawa ba, sai a shekarar da annobar agana ta faɗa wa Tungar Maɗaci, wani ƙauye a ƙetaren kogi. Sarki ya hana ƙetarawa, ya ce duk wanda ya saɓa a bakin ransa, ya kuma ɗora tsaron mashigi a kan Mamuda, ɗan waziri tilo.

Wata safiya aka kira waziri fada. Ya sunkuya zai tuɓe takalmansa a ƙofa, sai idonsa ya faɗa kan wasu takalma a gefe, na hagu da maɗaurin jar fata. Na Mamuda ne, shi da kansa ya sa baduku ya gyara su. Ya shiga ya yi gaisuwa da muryar da shi ma bai gane tasa ce ba. Ga zana kuwa a tsaye.

Sarki ya ce, "Waziri, mu ƙaddara wani sarki ya rufe kogi saboda annoba, sai wani daga cikin amintattunsa ya loda gero a kwalekwale, ya ƙetara ya sauke wa mutanen da aka killace, ya komo. Mene ne hukuncinsa?"

Fadawa kuwa, waɗanda su ma ba makafi ba ne a ƙofa, suka zuba wa waziri ido, wasunsu har da gyara zama kamar an kawo musu tuwo. Tsoro ya kama dattijo ta fuska biyu: in ya sassauta, a ce shekarunsa na adalci ƙarya ne tunda ba a taɓa gwada shi da jininsa ba, in kuma ya tsananta don ya wanke sunansa, ya yanka ɗansa da harshensa. Sai ya runtse ido, ya tambayi kansa abin da zai faɗa da a ce takalman baƙo ya gani.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, mutumin nan ya saɓa umarni, ya kuma jefa birni cikin haɗari. Hukuncinsa a tuɓe shi daga muƙaminsa, a keɓe shi bayan ganuwa har a tabbata bai kwaso cuta ba. Amma kisa, ban yanke masa ba tukuna, sai in sarki ya yi mini izini ni ma in ƙaddara tawa mas'alar."

Sarki ya ɗaure fuska, ya ce, "An yi maka."

"Ranka ya daɗe, mu ƙaddara wani sarki ya killace talakawansa don ya tsare sauran, niyyarsa kyakkyawa, amma ya rufe kogi bai aika musu ko dami ɗaya ba, har yunwa ta soma riga cuta kisa. Idan an fille kan wanda ya kai musu gero, wane hukunci ya rage wa wanda ya manta da su?"

Dogarai suka zabura. Waziri ya sunkuyar da kai, ya sallama cewa yau da shi da ɗansa rami ɗaya za a haƙa musu. Sai sarki ya ɗaga hannu ya ce a janye zana.

Mutum biyu ne a zaune. Ga Mamuda, ga kuma Yarima Tukur, ɗan sarki, tafukan hannunsa duk sun yi kanta saboda tuƙin kwalekwale.

Sarki ya ce, "Tare suka ƙetara. Ni na sa a bar takalman ɗanka a ƙofa, na ɓoye na ɗana, domin in ga ko idonka zai rinjayi hukuncinka. Da ka ce a kashe don a yabe ka, da ka kashe mini ɗa tare da naka, ba ni kuma da bakin hanawa. Da ka ce a sake su kawai, da na san kujerarka ta fi ƙarfinka. Sarkin da ka ƙaddara kuwa, ba sai an sa shi bayan zana ba, na san shi."

Nan take aka tuɓe samarin biyu daga muƙamansu aka fitar da su bayan ganuwa, aka buɗe rumbunan sarki, aka riƙa sauke hatsi a gaɓar Tungar Maɗaci. Sarki ya cire alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya ba shi ikon ya ƙaddara wa sarki mas'ala duk ranar da ya ga dama. Da Ilyasu ya fito, ya tsugunna ya ɗauki takalman nan ya rungume, ya yi kukan da ya danne tun safe.

Ku riƙe wannan, ya ku masu hukunci: adali shi ne wanda maganarsa ba ta sauyawa, ko takalman wa ya gani a ƙofa.