Itacen Na Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na gare ki.

Wata mata ce, Barmani. Mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Ta ce za ta koma garin iyayenta, can bayan duwatsu. Sai ta bi ayarin Madugu Jatau da ƙannensa biyu, Tunau da Cindo.

Duwatsun nan ba itace, ba ciyawa, sai iska da sanyi mai tsaga ƙashi. Don haka matafiya ke da al'ada: kowa ya ɗauko damin itace daga ƙasa, kogon da aka kwana a bar ice ɗaya saboda na baya.

Suka hau, suka hau, suka hau. A kogon farko suka tarar da itacen da wasu suka bari. Madugu ya haɗa da nasu ya ƙone, har da gashin nama. Da safe rema ta leƙo daga ramin dutse.

"Mai wucewa, mai wucewa, me ka bar wa na baya?"

Madugu ya ce na baya ba ɗan'uwansa ba ne, ya ji da kansa. Barmani ta zare ice ɗaya ta ajiye.

Suka hau, suka hau. Ƙafa ta tsage, leɓe ya bushe. A kogo na biyu haka aka yi. Rema ta tambaya, Tunau ya jefe ta da dutse. Itacen Barmani ya ƙare, sai ta ajiye muciyarta.

A kogo na uku Cindo ya yi wa rema dariya. Barmani ta dubi sandar da take dogarawa, ta dubi tsayin dutse, ta ajiye sandar. Madugu ya ce wauta dai ba ta da magani.

To, da suka kai ƙoli, ashe dutse ya zube ya toshe hanya. Ba gaba, sai baya. Ku ji fa, na bayan da Madugu ya raina, su ne da kansu!

Suka juyo, ba ice ko tsinke. A kogo na uku ba komai sai sandar Barmani. Madugu ya fizge, ya ƙyasta, ya ƙyasta, ta ƙi kamawa. Rema ta ce ice ya san hannun da ya ajiye shi. Barmani ta ƙyasta sau ɗaya, wuta ta tashi. Ta rungume ɗanta, ta ce su matso. Suka matso har gemu ya babbake, amma ɗumi bai shige su ba. Gari ya waye, Cindo bai tashi ba.

A kogo na biyu muciya ta ci wuta. Jariri ya yi barci. Tunau bai tashi ba.

A kogon farko saura ice ɗaya. Madugu ya zauna yana karkarwa, haƙora na haɗuwa. Abin tausayi, mutumin da ayari ke tsoro ya koma kamar tsumma. Ya daɗe yana kallon yaron. Can ya miƙa sandarsa.

"Baiwar Allah, jingine wannan a lungu. Wani na tafe."

Shi ma bai tashi ba.

Barmani ta sauko da rarrafe, gwiwa duk jini. Ba ta ga garin iyayenta ba a shekarar, amma ɗanta na numfashi a bayanta. Sandar Madugu kuwa, an ce wani makiyayi ya tarar da ita, ita ta raba shi da mutuwa.

Ƙurunƙus, kan rema ya koma rami. Ba don gizo ba da kun ce ƙarya na shirga muku. Wanda ya ƙone rabon na baya, nasa ya ƙone.