Ƙwan da Ya Fashe a Hular Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani tsoho ne mai rufa-ido, sunansa Barmo, sarkin barkwanci. In ya zo wasa kasuwa, sai ya yi ta zuba surutu. Sai ya ɓoye ƙwai a hula, ƙwan ya fashe masa a ka, mutane su yi ta dariya. Ɗansa Jatau kuwa kunya ke kama shi. Ya ce a ransa, "Hannun Baba ya tsufa."

Da Barmo ya rasu, sai Jatau ya gaji jakar wasa. Hannunsa ya fi na ubansa sauri, amma fuska kullum a murtuke. Ba magana, ba dariya.

Ran kasuwa, sai ya zaro ƙwai daga ɗankwalin mai nono. Sai ta yar da ƙwarya, ta ruga. Wata kasuwar, sai ya zaro daga kunnen mahauci. Mahauci ya yi salati, ya kwanta da zazzaɓi. Ta uku, sai ya zaro daga bakin wani yaro. Uwar ta kurma ihu: "Maye! Ya kama kurwar ɗana!"

Sai aka ja Jatau gaban mai gari.

Mai gari ya ce, "An ce kai maye ne. Kafin rana ta faɗi ka bar garin nan."

"Ranka ya daɗe, wasan ubana ne."

"Ubanka mun san shi, bai taɓa firgita kowa ba. Yi mu gani."

Jatau ya ɗauki ƙwai a tsorace. Ya ɓoye a hula, ya kifa a ka da ƙarfi. Sai fus! Gwaiduwa ta gangaro har hanci. Sai mai nono ta tuntsire da dariya, mahauci ya bi, har mai gari ya riƙe ciki.

Mai gari ya ce, "Maye da ƙwai a hanci? Tashi ka koma gida, ɗan Barmo."

Jatau ya tsaya, gwaiduwa na ɗiga. Sai ya tuna, kullum da safe ubansa yakan ware ƙwai ɗaya, ya ɗan ƙwanƙwasa shi a bakin turmi, sannan ya sa a jaka. Ashe hannun tsoho bai taɓa kuskure ba. Sai hawaye suka bi gwaiduwa.

Ƙurunƙus kan kusu. Mai ba mutane mamaki, ya haɗa musu da dariya, in ba haka ba tsoronsa za su ji.