Randar Gero da Idon Kyamara

An yi wani mutum a wani gari. Kada ku tambaye ni wane gari, ba zan faɗa ba. Kuma ba zamanin da can ba ne, wannan zamanin ne namu na waya a aljihu. Sunansa Sallau. Bawan Allah ne kawai, ba malami ba, ba attajiri ba. Sana'arsa ɗaura kyamarorin tsaro a gidajen mutane, tsani a kafaɗa, jakar kayan aiki a bayan tsohon babur. In kun gan shi a sahun salla, ba za ku sake waiwayarsa ba.

To, a garin akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Mudi. Wata rana da rana tsaka aka haura katangarsa aka ɗauke masa janareto. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya aika aka kira Sallau, ya ɗaura kyamara huɗu: uku a katanga, ɗaya a cikin zaure.

Sallau ya sauko daga tsani ya ce, "Alhaji, kyamara ido ce kawai, ba wanda zai wuni yana kallonta. Sai an haɗa ta da manhaja, wadda in abu ya motsa za ta gane, ta ɗauki hoto, ta turo maka a waya. Iri biyu gare ni. Ta farko, duk abin da ya gifta sai ta kama shi ta ajiye. Ta biyu kuwa, kana iya shata mata iyaka da yatsa a kan allo, ka ce nan ki duba, nan ba ruwanki. Ka ba ni kwana uku in gwada su a wayata, sannan ka zaɓa."

Alhaji ya ce, "Gwada. Amma ni wadda ba ta ƙifta ido nake so."

Ya fara da ta farkon. Jama'a, wayar Sallau ta sha wahala! Akuya ta wuce, ƙirrr. Kaza ta yi tono, ƙirrr. Iska ta kaɗa shanyar matan gidan, ƙirrr. Har matar Sallau ta ce ko dai ya kashe abin nan ko ya koma gidan Alhaji da zama.

Yanzu ku saurara, kai ma mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, nan ne maganar take. A zauren nan akwai wata tsohuwar randa da ta tsage, ba ta riƙe ruwa. Tun zamanin mahaifin Alhaji, Allah ya ji ƙansa, duk Juma'a ake cika ta da gero, a ajiye kwano a kai, a bar ƙofar zaure a buɗe. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba, ya shigo ya ɗiba ya fita. Ba sallama, ba tambaya, ba godiya. Kafin wata Juma'ar randa ta yi ƙasa, a sake cikawa. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa sanin wa ke ɗiba ba.

Ran kwana na biyu, bayan azahar, rana ta take, layi ba kowa, sai wayar Sallau ta yi ƙara. Ya duba. Wata dattijuwa ce a bakin zauren, ta lulluɓa da mayafi mai tsabta, irin matan da in ka gan su sai ka rantse sun ci sun ƙoshi. Ta sa ƙafa ɗaya ciki. Ta ɗaga kai. Ta ga kyamara tana kallonta. Ta tsaya. Sai ta janye ƙafar, ta tura ɗan ƙullin ledarta cikin mayafi, ta juya ta tafi hannu wofi.

Hannu wofi, jama'a! Ga gero a gabanta, halal ɗinta ne, don ita aka zuba, ta juya ta tafi.

Sallau ya san ta sarai. Ya zauna a kan baburinsa. Ya ce a ransa, "Ni na ɗaura idon nan da hannuna. Yau akwai gidan da za a kwana da yunwa saboda aikina." Nan take ya goge hoton. Ya wuce zauren ya buɗe randa, ya tarar tana nan cike maƙil, tun ranar da ya kafa tsani ba wanda ya taɓa.

Ya sami Alhaji ya gaya masa abin da ya gani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shawarata ka zaɓi ta biyun. Mu sa ta gadin katanga da ƙofar shiga cikin gida, mu rufe mata ido daga bakin zaure zuwa randa."

Alhaji ya ce, "Subhanallahi! Wace ce? Nuna min ita, yanzu in aika mata buhu guda."

"Na goge, Alhaji."

"To faɗa min sunanta."

"Ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Da tana son a sani, da ta yi sallama."

Kai! Sai Alhaji ya hau. Ya ce, "A gidana, da kyamarata, ka ga abu ka goge? Na kira ka don in gani, kana ce min in runtse ido? Ko dai kai ma bakinku ɗaya da masu haura katanga?"

Kun ji maganar? Mutumin da abincinsa amana ce, mutane ke buɗe masa har tsakar gidansu, a jefe shi da wannan! In ta fita gari, wa zai sake ba shi tsani ya hau katangarsa? Kalma ɗaya za ta wanke shi, sunan matar nan. Kalma ɗaya tak. Sallau ya haɗiye ta. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." Ya sunkuya yana tattara kayansa.

Ashe mahaifiyar Alhaji, Hajiya Tabawa, tana bayan ƙofa tana ji. Ta fito tana dogara sanda, ta ce wa Sallau, "Ɗan nan, ajiye jakar." Ta juya ga ɗanta.

"Kai, ka san dalilin da ya sa babanku ya ajiye randar nan?"

Ya ce, "Sadaka ce, Hajiya."

Ta ce, "Godiya ce. Shekarar da rumfarsa ta ƙone, kana goye a bayana, mun kwana biyu ba hayaƙi a gidan nan. Nonona ya ƙafe, kukanka ma ya daina fita. Akwai wani tsoho a unguwar da ke ajiye hatsi a zaurensa. Na je har sau uku ina dawowa, don yana zaune a ciki. A na huɗun ya lura, sai ya juya fuskarsa bango ya kama jan carbi. Na ɗiba. Wata biyu ina zuwa, ƙeyarsa kawai na sani. Wallahi da ya waiwayo sau ɗaya, da ban koma ba. Da kuwa ban koma ba, da babu kai, balle janareto."

Alhaji ya zame ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa da komai. Sannan ya kama hannun Sallau da hannu biyu ya ce, "Malam Sallau, ka yafe min. Sa wadda ka ce."

Sallau ya ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗauko waya ya shata iyaka da yatsa, ya fitar da bakin zaure da randa. Sai kuma ya ce, "Saura abu ɗaya. Manhaja ta rufe ido, amma mai shigowa bai san ta rufe ba." Ya je ya samo zana, ya kafa ta da kansa tsakanin kyamara da randa, yadda kowa zai gani da idonsa an tare. Hajiya kuma ta ɗan yar da maganar a wani gidan suna, mata suka kai ta inda ya kamata.

Juma'a ta zagayo. Alhaji ya zo cika randa, ya ɗaga murfi, ya ga ta yi ƙasa har rabi, wayarsa kuwa ko sau ɗaya ba ta yi ƙara a kan zauren ba. Ya tsaya hawaye na zuba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an ci, ban sani ba." Har yau bai san matar nan ba. Ni ma ban san ta ba, Sallau bai taɓa faɗa ba.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake: kyautar da za ta tona asirin mai karɓa ba ta cika ba, kuma rufa wa mabuƙaci asiri ya fi abin da ka zuba masa a kwano. Ban ce kada ku tsare gidajenku ba. Ku sa kyamara, ku sa manhaja, ɓarawo ya ji jiki. Amma ku tambayi mai haɗa muku: wannan idon, wa zai kora ban da ɓarawo? Ku kuma da ba ku miƙa mudun shinkafa sai an ɗaga waya an ce wa talaka ya kalli nan, ku ji tsoron Allah. Kowannenmu da ke zaune a nan, akwai ranar da wani ya gan shi a cikin hali ya kau da kai. Ba ka san shi ba, shi ya sa ba ka gode masa ba. Ka gode masa yau, ta hanyar kau da kai ga wani.

Allah ya saka wa irin su Sallau da alheri. Yadda suka rufa wa bayinsa asiri, Allah ya rufa musu, ya rufa mana, duniya da lahira. Ku ce amin.