Bijimin Da Ya Kai Ƙara

Malaminmu na ƙasar Miga, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a Fiƙihu, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda harshensa ba ya bushewa da zikiri, ba a kuma taɓa jin ya daka wa ko akuya tsawa ba.

A daminar bara, ruwa ya zauna, maƙwabta sun yi nisa da huɗa, sai ɗaya daga bijimai biyu na wani manomi, Abdulbaƙi, ya tsaya cik a gona, ya ƙi jan garma. Zuciya ta ɗebi Abdulbaƙi, ya yi ta zabga masa dorina har kwana uku, bayansa duk ya farfashe. Kai, wallahi abin da takaici, dabbar da ta ciyar da gidansa shekara biyar!

Ko da aka ɗauko Zuhair, likitan dabbobi daga Jahun, bijimin ya riga ya tsani ɗan Adam, duk wanda ya matso sai ya kai masa ƙaho.

"Baba, ba taurin kai ba ne," in ji likita. "Dubi yadda yake ɗage ƙafar baya. Kun firgita shi, ba zai taɓu ba."

"Iskanci ne!" in ji Abdulbaƙi. "Gobe mahauci zai yi maganinsa."

Washegari da hantsi mahauci ya iso, aka tarar da igiya a tsinke, ba bijimi. Abdulbaƙi ya bi sawu yana huci, sawun bai tsaya ba sai ƙofar zauren Malam. Subhanallahi! Ga bijimin da ya gagari ƙarti huɗu a kwance, kansa a gefen buzun Malam, ya miƙe ƙafa ba mai riƙe da shi, Zuhair na zaro ƙusa mai tsatsa daga kofatonsa. Ashe tun da asuba Malam ya aika a kira likita, tun kafin ma bijimin ya tsinke igiya.

Abdulbaƙi ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"Kwana uku yana faɗa maka," in ji Malam a hankali. "Da ka ƙi ji, ya kawo ƙara. Nemi afuwarsa tun a nan, kafin ya kai ta gaba."

Abdulbaƙi ya miƙa hannu yana hawaye, bijimin ya kau da kai.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya hore wa bayinSa salihai abin da Ya so. Allah Ya ja kwanan Malam, Ya ba mu albarkacinsa, Ya tsare mu da hakkin marasa baki. Amin.