Sarkin Ruwan da Bai Iya Iyo Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can inda tudu ke ƙarewa ruwan gishiri ya fara, an yi wata daula mai suna Marjanu, wadda Allah ya ajiye a tsakiyar wani babban tafki, duwatsu suka kewaye ta kamar bakin tukunya. Sarkinta Barmo mutum ne mai adalci da kwarjini, ƙasarsa kuma cike take da lu'ulu'u da gishiri, amma ko karan gero ɗaya ba ya tsira a cikinta. Duk abin da mutanen Marjanu za su sa a baki sai jirgi ya kawo shi daga teku, ta wani dogon mashigin ruwa siriri da ya ratsa tsakanin duwatsu, wanda jirage biyu ba sa iya jerawa a cikinsa. Suna kiran mashigin nan Maƙogwaro, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba.

Ana nan sai wani matsafi mai suna Zankoro ya zo da manyan jiragen yaƙi ya tare bakin Maƙogwaro ta wajen teku, ya kama jiragen hatsi ya ɗaure, ya kuma zuba aljanun wuta masu fukafukai a kan duwatsun. Bai ko wahalar da kansa da kawo hari birni ba. Ya aiko wa Sarki Barmo cewa yana nan zaune, in yunwa ta gama aikinta a kawo masa rawani.

Sarki yana da runduna biyu. Ta ruwa tana hannun Sarkin Ruwa Anaruwa, saurayi mai faɗin ƙirji wanda ya san kowane dutse da ke ɓoye a ƙarƙashin Maƙogwaro. Ta sama kuwa tana hannun 'yar sarki, Gimbiya Yalwa, wadda ita da matanta mayaƙa ke hawan wasu manyan mikiyoyi na tsafi, masu girman raƙuma, waɗanda ba sa ɗaukar kowa sai wadda ta ciyar da su da hannunta tun suna 'yan tsaki.

To, akwai wata aljana a ƙarƙashin mashigin, ana ce mata Uwar Zurfi, ita ce ta ba kakan kakan Anaruwa wani filafili na tuƙin jirgi, na baƙin ice mai zanen azurfa, suka ƙulla alkawari. Duk ɗan Marjanu da ya wuce gaban filafilin nan a cikin Maƙogwaro, a ruwa yake ko a sama, ruwa zai tashi ya haɗiye shi. Wanda ke riƙe da shi kuma shi ne Sarkin Ruwa, ba ya nutsewa har abada. Saboda haka gidan su Anaruwa suka ɗauki koyon iyo a matsayin rashin kunya ga aljanar, domin kamar ka ce ba ka yarda da alkawarinta ba ne. Ga shi nan dai, mutumin da jiragen daula duka ke ƙarƙashinsa, in ka jefa shi a kwatami ba filafili sai an yi zaman makoki. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki.

Da rumbuna suka fara nuna gindi, Anaruwa ya ja jiragensa suka shiga Maƙogwaro, shi a gaba da filafili, mikiyoyi na biye a baya suna tafiya a hankali daidai da tuƙin jirgi. Aljanun wuta suka zo daga gaba suka zazzago tukwanen wuta, suka koma gaba suka sake cikowa, Gimbiya na kallonsu ba ta da ikon binsu, domin in ta bi su za ta wuce filafili. Wata matashiya daga cikin matanta ta kasa haƙuri ta zaburi mikiyarta. Ruwa ya miƙe tsaye kamar itacen rimi ya fizge su ita da tsuntsuwar, ya koma ya kwanta kamar ba a yi ba. Anaruwa ya dawo da rabin jiragensa, jikinsa ko ƙwarzane babu, kuma wannan ne ya fi ci masa rai, domin matan da aka kashe wa maza sun tsaya a bakin gaɓa suna duban rigarsa busasshiya.

A fada, Gimbiya Yalwa ta miƙe gaban mahaifinta ta ce, "Allah ya ba ka nasara, mikiyoyina sun fi aljanun can sauri, sun fi su ƙarfin farce, amma an ɗaure mana ƙafa da tafiyar jirgi. Muddin filafili yana ruwa, mu 'yan rakiyar gawa ne kawai. In Sarkin Ruwa yana da wata dabara, ya faɗa tun muna da ƙarfin ɗaga mashi."

Sarki ya dubi Anaruwa ya ce, "Ɗan amana, gidanku bai taɓa ba mu kunya ba. Yara sun daina kuka a birnin nan, kuma ba don sun ƙoshi ba ne. Me ka gani?"

Anaruwa ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni izini in je in gana da mai alkawarin."

Da hantsi ya tuƙa ƙaramin kwalekwale shi kaɗai zuwa bakin mashigin, ya bugi ruwa da filafili. Ruwan ya dare, Uwar Zurfi ta fito har ƙugu, gashinta na zuba kamar igiyoyin kainuwa, idanunta farare tas babu baƙi. Ya roƙe ta ta sassauta alkawari na yini ɗaya tak, mikiyoyi su wuce gaba. Ta yi dariyar da ta sa kwalekwalen rawa.

Ta ce, "Ya ɗan Adam, alkawarin aljanu ba riga ba ce da za a tuɓe saboda zafi. Ni filafili na sani, ban san fuska ba. Duk inda yake nan ne gaba, duk hannun da yake ciki shi ne nawa. Amma ka sani, ranar da ya bar hannunka, kai da dutse ɗaya kuke a wurina."

Ya juyo gida, ya kuwa gane maganar sarai. Mikiya ba za ta ɗauke shi ba, jirage kuma ba za su ratsa duwatsun ƙarƙashin ruwa ba sai da shi a gaba. Abin da ya rage shi ne filafili ya hau sama, shi ya zauna a ruwa, a jirgin da kowace wuta ke fara nema. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, har ya tsinci kansa yana riƙe gefen kwalekwale da hannu biyu kamar baƙon ruwa. Bayan tsoron kuma ga kunya, domin tun da aka kafa Marjanu ba a taɓa jin Sarkin Ruwan da ya miƙa gadon gidansu ga wani ba.

Washegari da safe, gaban Sarki da fadawa da mayaƙa, ya durƙusa wa Gimbiya ya ɗaga filafilin da hannu biyu ya ce, "Ranki ya daɗe, karɓi. Daga yanzu ke ce gaba, ke ce Sarkin Ruwa. Ni matuƙi ne a bayanki."

Dattawan gidansu suka sunkuyar da kai, wani ma ya juya baya. Gimbiya ba ta miƙa hannu nan da nan ba, ta ce, "Anaruwa, na san abin da kake miƙo mini, ba ice ba ne. In jirginka ya kife fa?"

Ya ce, "In ya kife, kada ki juyo sai matanki duka sun fita teku. Kika juyo suna gabanki, kin kashe su. Wannan kaɗai nake roƙo."

Ta karɓa, ta ɗaure shi a bayanta.

Aka buga tambura, mikiyoyi suka tashi suka rufe rana, Gimbiya a kan gaba, suka kutsa Maƙogwaro da gudun da ba su taɓa yi a cikinsa ba. Aljanun wuta, da suka saba zuwa su yi ɓarna su koma a natse, sai suka ji farce a bayansu. Sama ta cika da ƙara da hayaƙi da ƙonannun gashin tsuntsu, tukwanen wuta na faɗawa ruwa suna tsuwa. A ƙasa Anaruwa na tsaye a goshin jirgi da sandar gora, yana kiran dama, yana kiran hagu, jirage na binsa ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da igiyar ruwa ta bugi jirgin sai ya ƙara damƙe sandar, matuƙansa ma ba su gane tsoronsa ba.

Sun hango hasken teku ke nan, wani ƙaton aljani da aka yaga wa fiffike ya rikito daga sama da tukunyarsa, ya faɗo a tsakiyar jirgin. Katako ya tsage, wuta ta tashi, matuƙa suka yi tsalle suka kama iyo zuwa jiragen baya. Anaruwa ya rungumi wani guntun katako mai ci da wuta. Ya ɗaga kai ya ga Gimbiya ta waigo, mikiyarta ta fara karkata, matanta kuwa suna gab da ita, in ta juya za su wuce ta. Ya tattara sauran numfashinsa ya yi ihu, "Kada ki juyo! Wuce!"

Ya ga ta miƙe tsuntsuwar ta nufi teku. Daga nan katakon ya kuɓuce masa.

Ruwan da ya yi masa biyayya tun yana yaro ya shiga hancinsa da bakinsa ba sani ba sabo. Ya yi ta dukan ruwa yadda ya ga mutane na yi, bai san ta inda ake farawa ba. Haske ya yi nisa a sama, sanyi ya kama ƙafafunsa, can ƙasa kuma ya ga fararen idanu biyu suna jiransa ba gaggawa. Ya yi kalmar shahada a zuciyarsa. Ƙirjinsa na shirin fashewa sai wani abu mai tauri ya bugi kafaɗarsa, ya kai hannu ya damƙe, yatsunsa suka ji zanen azurfar da suka sani tun ƙuruciya.

Gimbiya ce. Sai da ta kori aljanun har teku, ta ga ta ƙarshe cikin matanta ta fita, sannan ta juyo ita kaɗai, ta kwanta a wuyan mikiya ta zura filafilin cikin ruwa iya tsawon hannunta. Ta ja, ya fito yana tari, shi riƙe da kan filafilin, ita riƙe da ƙota. Uwar Zurfi ta taso ta dube su, ta dubi hannu biyun da ke kan ice ɗaya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Hannun da yake ciki na ce. Ban ce hannu nawa ba." Ta nutse.

Da jiragen Marjanu suka fito teku, mikiyoyi na sama suna zubar da duwatsu, manyan jiragen Zankoro suka rasa inda za su sa kansu, domin bai taɓa shirya wa yaƙin da babu aljanunsa ba. Aka kama shi, aka karya sandar tsafinsa, aka kwance jiragen hatsi. Kafin rana ta faɗi hayaƙin girki ya tashi a kowane gida a Marjanu.

Sarki Barmo ya tara jama'a ya ce, "Filafili ya zama na mutum biyu, kuma ba ma so a raba shi. In sun yarda, sai a haɗa shi a gida ɗaya." Gimbiya Yalwa ta ce ta yarda, amma da sharaɗi, ta kuma faɗi sharaɗin a gaban kowa. Aka ɗaura aure, aka yi shagalin da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, aka kuma yi addu'a ga waɗanda ruwa da wuta suka ci.

Bayan an watse biki, mutanen Marjanu suka wayi gari suka ga Sarkin Ruwa a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, yana cika sharaɗin koyon iyo, ya rungumi ƙatuwar ƙwarya yana harba ƙafa yana shan ruwa ta hanci, matarsa na tsaye a kan dutse da filafili a hannu tana gyara masa. Dattawan gidansu suka zo don su hana, suka tsaya suka yi ta kallo. Can sai babbansu ya tuɓe rawaninsa, ya naɗe wando, ya tambaya ko akwai wata ƙwaryar.