Mai Burodin da Ta Ce a Kulle

Akwai wata mace mai gidan burodi a bakin kasuwar wani gari. Ba ta da gona, ba ta da wata sana'a, da wannan tanderu take ciyar da 'ya'yanta. Burodinta kuwa, kai, sai wanda ya ci. Amma ba ta taɓa yi wa sana'ar rajista ba, ba ta kuma nemi izinin masu duba tsabta ba. In an yi mata zancen, sai ta ce, "Allah ne ya ba ni, shi zai tsare mini."

Ana nan sai wani ma'aikacin hukuma mara tsoron Allah ya gano haka. Kowace ranar kasuwa sai ya zo yana kaɗa kwaɗo a yatsa, ya ce, "Mama, kin dai san ba ki da takarda. In kulle ne, ko kuwa?" Takan cika masa kwali da burodi, ta haɗa masa da na goro. In ya tafi sai ta shiga ciki ta yi kuka, gama ta san cin hanci take bayarwa, tana kuwa jin kunyar kanta.

Da abin ya ishe ta, ta kai kukanta wurin zumuntar mata ta cocinsu. Suka yi azumi, suka zo suka shafa wa ƙofar mai, suka yi waƙa har murya ta dushe. Da ranar kasuwa ta zagayo, sai ga mutumin, wannan karon ma da buhu ya zo.

Sai tsohuwar da ke shugabancin zumuntar ta kira ta, ta ce, "Ƙanwata, azumi dai mun yi. Yanzu ki gyara ɗaurin zanenki ki je wurin lauya."

Ta ce, "Lauya, Mama? Ni na kashe wani ne? Ina ruwan mai bi da lauya?"

Tsohuwar ta ce, "To, ci gaba da gasa wa ɓarawo."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, amma ta je. Lauyan kuwa bai lallashe ta ba. Ya ce mata ita ma tana da laifi, sai ta yi rajista, ta biya tara, ta bar masu duba tsabta su shiga har wurin kwaɓa fulawa. Ya kuma gaya mata cewa ba mai ikon kulle mata ƙofa don ya ga dama, sai da umarni a rubuce. Ta yi duka. Aka sa ta rufe kwata, ta sa wa tagogi raga, ta sha wahala ba kaɗan ba.

Ranar kasuwa mutumin ya zo da buhunsa. Kwaɓin ranar yana ciki yana tashi, wuta na ci a tanderu. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Yau babu. Nuna mini umarnin da aka ba ka."

Ya ce, "Mama, da ni kike? Sai in kulle fa!"

Ta ce, "Kulle!"

Ya kuwa danna kwaɗon. Ta jawo benci ta zauna a gaban ƙofar, ta aika wa lauyanta. Maƙwabta suna cewa, "Haba, ki ba shi mana, kwaɓinki zai lalace." Ta ce, "Ya lalace. Ko ɓawon burodi ba zai ƙara ci a nan ba." Kwaɓin ya yi tsami, aka zubar, masu saye suka koma wani wuri. Amma da ƙarar lauyan ta isa gaban shugabannin mutumin, shi da kansa aka tasa ƙeyarsa ya zo ya cire kwaɗon a idon 'yan kasuwa.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Tanderun nan sana'arka ce, wadda Ubangiji ya danƙa a hannunka. Mai kwaɗon kuwa shi ne duk wanda ke cin abinci da tsoronka. Matar ba ta iya buɗe baki ba muddin ita ma tana karya doka, gama mai laifi ba ya iya duban azzalumi ido da ido. Kada wani ya ruɗe ku cewa zuwa wurin lauya rashin bangaskiya ne. Ƙarya ce! Ku yi addu'a, i, amma ku ba hukuma abin da yake nata, ku nemi masanin doka tun kafin a zo muku da kwaɗo. Sa'an nan in azzalumi ya zo, ku ƙi, ko da za ku yi hasara.

Na san akwai masu shago a cikinku da suka ba da cin hanci a makon nan, suka kuma zo suka rera waƙa da mu. Gobe Litinin ce, ofisoshi a buɗe suke. Ku je.